Bindigar da ta daina bin saiti

Filin tambayoyin masu karatu a kan farauta da kayanta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da bindiga ƙirar Brno mai cin harsashin .22 LR. Gadon mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa, kuma na bi hanya an mayar da lasisinta da sunana. A hannunsa bindigar nan ba ta kuskure, zomo a taku hamsin kai yake nema kai yake samu. Ni ma haka na same ta da farko. Amma tun shigowar hunturun bana ta rikice mini. In na harba biyar a kwali, biyu su haɗu, ɗaya ya yi sama, ɗaya ya yi dama, wani ma ban san inda ya shiga ba. Na sa mata sabon madubin saiti da wani ɗan'uwa ya kawo mini, na murɗa maɓallansa har na gaji, na wanke bututun tas na zuba mai, abin sai ƙara lalacewa yake yi. Makon jiya na harbi zabo ya tashi da karyayyiyar ƙafa, na neme shi ban same shi ba, abin ya tsaya mini a rai. Harsasan kuwa wasu ragowar na Baba ne a cikin gwangwani, wasu na saya daga baya na haɗa su. Abokaina sun ce bututun ne ya cinye, in kai wa maƙeri ya rage masa tsawo. Me ka gani?

Mai karatu daga ƙasar Bauchi

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ji ƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, abu na farko da zan roƙe ka shi ne kada zarto ya taɓa bindigar nan. Abokanka alheri suke nufi, amma shawarar ba ta yi ba. Abin da aka yanke ba ya komawa. Sannan Dokar Makamai ta 1959, wadda ta sa irin bindigarka cikin waɗanda ake neman lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda, ba ta bar gyaranta a hannun kowane maƙeri ba, sai wanda hukuma ta ba izini.

Da wuya ma a ce bututun ne ya cinye. Harsashin .22 LR, wanda kamfanin Stevens na Amurka ya fito da shi a 1887, kansa darma ce mai laushi, nauyinta wajen giram 2.6, an shafe ta da kaki ko maiƙo, albarushin cikinsa kuma ɗan kaɗan ne. Ba shi da zafin da zai ci ƙarfe kamar na manyan harsasai. Bututun .22 yakan ɗauki harbi dubu goma sau da yawa bai nuna gajiya ba, mafarauci kuwa da wuya ya harba ko kusa da haka a duk rayuwarsa. Abin da ke kashe irin wannan bututu shi ne tsatsa, da mugun goge, da harbi alhali wani abu ya toshe ciki.

Abin da na gani a wasiƙarka shi ne ka taɓa abubuwa uku lokaci guda: ka canza madubi, ka yi wa bututu wanka, ka gauraya harsasai. Kowane ɗaya daga cikinsu ya isa ya watsa harbi shi kaɗai. Yanzu ko bindigar ta dawo daidai ba za ka san wanne ya gyara ta ba, in ta sake rikicewa kuma ka koma gidan jiya. Don haka aikin da ke gabanka shi ne ka riƙa canza abu ɗaya tak, ka harba a takarda, ka duba, sannan ka matsa na gaba. Kuma har ka gama, ka ɗaga wa namun daji ƙafa. Zabon nan da ya tsaya maka a rai, daidai ne ya tsaya. An hore mu da wasa wuƙa kafin yanka don kada dabba ta wahala, bindigar da ba ka san inda za ta sa harsashi ba kuwa dakusasshiyar wuƙa ce.

Ka nemi wuri mai tudun ƙasa mai laushi a baya, irin tsohon ramin da aka ɗebi ƙasar gini, nesa da gida da hanyar makiyaya. Kada ƙanƙantar harsashin nan ta ruɗe ka. Yana iya tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi, kuma yana zillewa in ya daki dutse, ko ƙasa mai tauri, ko fuskar ruwa. A halin da ake ciki yanzu ma, ka sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa kafin ka fara, lasisinka a aljihu, kada ƙarar harbi ta tayar wa mutane hankali. Ka fita da sassafe kafin iska ta taso. Ka auna mita 50 da igiya ko tef, ba da taku ba. Ka cika ƙananan buhuna biyu da yashi, ɗaya a ƙarƙashin katakon gaba, ɗaya a ƙarƙashin gindin ƙota. Katako ne zai zauna a kan buhu, ba ƙarfen bututu ba. In ka ɗora bututu a kan abu mai tauri harbi zai riƙa tsalle sama. Ka ɗiga baƙin ɗigo a farar takarda, ka harba biyar kana auna ɗigon nan ɗaya, ko da ka ga ramuka suna fita can gefe. Ka sake wasu biyar a sabon ɗigo, ka ƙara wasu biyar. Duk wannan lokaci hannunka kada ya je kan maɓallan madubi.

Dalilin da na nace a kan haka shi ne matsala iri biyu ce, mutane kuma suna haɗa su. In ramuka biyar sun taru wuri guda, marfin kwalbar lemo zai rufe su, amma sun kauce wa ɗigo da taƙi guda, bindigarka lafiyarta ƙalau, saiti ne kawai, murɗa maɓalli zai kawo gungun kan ɗigo. In kuwa sun warwatsu, maɓalli ba shi da abin da zai yi maka. Yana matsar da gungu ne, ba ya matse shi. Wanda yake murɗawa bayan kowane harbi yana bin harsashi ɗaya-ɗaya ne, kullum yana gyara kuskuren da ya riga ya wuce yana ƙara sabo. Brno mai lafiya da harsashin da ta amince da shi ya kamata ta tara biyar cikin santimita 2 zuwa 3 a mita 50. Wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙe.

Wanda na fi zargi a maganarka shi ne hunturu, domin kai da bakinka ka ce da shigowarsa abin ya fara. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙotar bindigarka katako ce, katako kuma yana shan laima da damina ya kumbura, iskar hunturu ta zo ta tsotse shi ya tsuke. Notunan da suka ɗaure ƙarfen bindiga da katako, waɗanda suke cif a watan Agusta, sai ka tarar sun yi sako-sako a watan Janairu ba tare da kowa ya taɓa su ba. Ƙarfen sai ya riƙa motsi a cikin makwancinsa, kowane harbi ya zauna a wani sabon wuri. Motsin da ido ba ya gani a nan, a mita 50 ya zama faɗin tafin hannu. Na taɓa ganin wata da mai ita ya riga ya fid da rai, ya rataye ta a bango. Da muka cire harsashi muka buɗe sakata, na riƙe ƙota da hannu ɗaya na kama bututu da ɗayan na ɗan jijjiga, sai na ji wani ɗan ƙas a tafin hannuna, ba a kunne ba. Notin ƙasa ya ɗauki kusan rabin zagaye kafin ya tsaya. Iyakar ciwonta ke nan.

Ka nemi sukundireba wadda bakinta ya cika tsagin notin daidai, don kada ka ɓata kansa. Ka ɗaure da ƙarfin yatsu uku, ba da ƙarfin damtse ba. In ka matse fiye da kima za ka murƙushe katakon, matsalar ta dawo ta wata ƙofa. In ka gama ka ja ɗan layi da fensir daga kan notin zuwa ƙarfen da ke kewaye da shi, duk ranar da layin ya rabu ka san ya motsa.

Daga nan ka duba yadda bututu ya kwanta a cikin kwarin katakon gaba. Mutane sukan zura takardar kuɗi a ƙarƙashin bututu su ja ta baya, in ta maƙale su ce ga matsala. Gwajin yana da amfani, amma ka yi hattara da shi a kan Brno, domin da yawa daga cikinsu an ƙera su ne da noti da ke kama bututun kansa ta ƙasa, dole takarda ta tsaya a nan, kuma ba aibi ba ne. Abin da za ka nema shi ne matsi ta gefe ɗaya. Ka kalli bindigar daga sama: tazarar da ke tsakanin ƙarfe da katako a hagu da ta dama daidai suke? In katakon ya karkace ya jingina da bututu ta ɓangare guda, za ka ga wuri mai sheƙi a cikin kwarin inda suke gugar juna, a takarda kuma ramuka su riƙa jeruwa a layi zuwa gefe ɗaya. Ko ka ga haka kada ka yi saurin kankare katako. Abin da hunturu ya janye damina na iya mayarwa. Ka fara gama sauran gwaje-gwajen tukuna.

Na biyu shi ne madubin nan. Hanya mafi sauƙi ta wanke shi ko kama shi ita ce ka cire shi gaba ɗaya. Brno tana da saitin ƙarfe mai kyau ƙwarai a kan bututu, da shi Baba ya yi aikinsa. Ka koma mita 25 ka harba biyar da shi. In gungu ya matse, ka kama ɓarawonka, ko madubin ne ko ƙafafunsa. Ƙafafun sun fi yawan laifi. Tsagin da ake maƙala su a saman bindiga ba faɗi ɗaya ba ne a ko'ina: na Turai yawanci milimita 11 ne, na Amurka kashi uku cikin takwas na inci, wato wajen milimita 9.5, kuma karkatar leɓensu ma ta bambanta. Ƙafar da aka yi don wannan za ta iya hawa wancan, ka ɗaure ta ka ji kamar ta kama, alhali da ɗan baki kawai ta ciza, ko ta zauna a karkace. Ka auna naka tsagin kafin ka yarda da ƙafafun da aka kawo maka. Bayan ka mayar, ka ja layin fensir a jikin madubin dab da zobe, ka gani ko yana zamewa.

Akwai kuma wani abu da ba a cika sani ba. Madubin da aka yi don manyan bindigogi ana daidaita shi ne a masana'anta don nisan yadi 100 ko fiye, na .22 kuwa wajen yadi 50. In ka sa na farkon a kan bindigarka kana harbi a mita 25 ko 30, inda ka ajiye ido yana canza inda zaren saiti, wato siraran layukan da ke cikin madubi, yake nunawa. Gwada ka gani: kafa bindigar a kan buhuna, saita ɗigo, ɗauke hannunka, ka leƙa ba tare da kumatunka ya taɓa ƙota ba, ka ɗan kaɗa kai hagu da dama. In zaren ya yi yawo a kan ɗigon alhali bindiga ba ta motsa ba, to ga wani kaso na warwatsewarka. Maganinsa ko madubi mai zoben daidaita nisa, ko ka koyi ajiye kumatu wuri ɗaya kowane harbi, ido a tsakiyar gilashi ba inuwa a kowane gefe. In lokacin murɗa maɓalli ya zo, ka tuna yawancinsu ƙas ɗaya rubu'in inci ne a yadi 100. A yadi 50 rabin haka ne, wato sai ka yi ƙas takwas kafin gungu ya matsa inci guda. Da yawa sukan yi biyu su ga bai motsa ba su ce madubi ya mutu.

Yanzu mu zo kan gwangwanin nan, don a nan nake so mu daɗe. Harsashin .22 ba shi da hula a tsakiyar gindi kamar na sauran bindigogi. Sinadarin da ke tayar da wuta ana zuba shi ne a jiƙe cikin kwanso a juya shi ya shige cikin leɓen gindin, allurar bindiga kuma leɓen take duka. Tunda haka ake yin sa, wani ya fi wani samun sinadarin, wani ma gefe ɗaya ya fi ɗayan. Shi ya sa babu harsashin da ya kai .22 bambanta daga kamfani zuwa kamfani, har ma daga wannan zubi zuwa wancan a kamfani ɗaya. 'Yan gasar Olamfik da ke harbin mita 50 da wannan harsashi, inda da'irar tsakiya faɗinta milimita 10.4 ne kacal, sukan kai bututunsu wuraren gwaji na kamfanoni irin su Eley na Ingila da Lapua, a gwada zubi daban-daban, su sayi wanda bututun ya fi so. In masu tsadar harsashi suna wannan wahala, ka ga abin da zai faru da wanda ya zuba iri uku ko huɗu cikin gwangwani ɗaya yana ɗiba da ka.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Akwai mai gudu na yau da kullum, wanda ke fita da wajen mita 325 zuwa 330 a daƙiƙa, ƙasa da gudun sauti. Akwai mai saurin gudu, yawanci kansa da ruwan jan ƙarfe, da ke fita da wajen mita 370 zuwa 390. Sauti kuwa yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa in iska na da sanyi-sanyi, ya ɗan ƙaru in ana zafi. Waɗannan biyun ba za su taɓa faɗawa rami ɗaya ba. Mai sauri zai fita sama, mai sannu ƙasa, kai kuma ka ɗauka bindiga ce ta haukace. Abin da zai ba ka mamaki shi ne mai sannun ne ya fi taruwa a yawancin bindigogi, kuma iska ba ta kaɗa shi kamar mai sauri. Mai saurin yana faɗowa ƙasa da gudun sauti a tsakiyar tafiya, iska ta fi cin ƙarfinsa. Ga zomo da makwarwa a mita 50, mai sannu mai rami a hanci ya wadatar, kuma bai cika ƙara ba.

Ka zazzage gwangwanin a kan tabarma ka ware su bisa tambarin da ke gindin kwanso da siffar kai. Na Baba, in sun daɗe, ka dube su da kyau. Wanda darmarsa ta yi farin gari, wanda kakinsa ya bushe ya farfashe ko ya narke ya kwaso ƙura, wanda kansa ke juyawa ko girgiɗi in ka murza shi da yatsa, wanda kwansonsa ya yi kore, duk ka fid da su daga lissafi. Kan .22 ba ya toshe bakin kwanso sosai, don haka laima da mai suna iya shiga su raunana albarushi. Zafin ɗaki mai rufin kwano da na cikin mota a watan Afrilu kuma yana narkar da kakin. Ka yi gwajinka da kwali guda, iri ɗaya, lambar zubi ɗaya. In ka samu wanda bindigar ta yarda da shi, ka rubuta sunansa da lambarsa, ka ajiye shi cikin kwalinsa a wuri mai sanyi da kulle, daban da bindigar.

Wankan da ka yi mata shi ma ya taka rawa. Bututun .22 yana son ya ɗauki siririn shafi na kakin harsashi kafin ya nutsu. In ka goge shi fes, ko ka canza irin harsashi, harbin farko goma zuwa ashirin ba abin dogaro ba ne, sai sabon kakin ya shimfiɗu. In kuma ka bar mai a ciki, na farko zai tafi inda ya ga dama. Mai na ajiya ne. Ranar fita ka zura busasshen ƙyalle har sai ya fito ba maiƙo.

Wurin da datti ke cutarwa da gaske ɗan taƙi ne, dab da inda bakin kwanso ke tsayawa a cikin mazaunin harsashi. A nan toka da darma ke taruwa su yi zobe mai tauri, kowane kan harsashi sai ya kurje a jikinsa kafin ya shiga bututu. In Baba ya taɓa harba gajeren harsashi, wato .22 Short, a cikinta, zoben zai fi matsowa baya, domin kwanson gajeren bai kai milimita 11 ba, na LR kuwa ya haura 15. Alamarsa ita ce sakata ta riƙa tauri wajen rufewa, kwanso ya riƙa gardamar fita. A wurin gwaji, baki na kallon tudu, yatsa nesa da kunama, ka rufe sakata a kan harsashi ka sake buɗewa a hankali ka dubi kansa. In ka ga kurji a gefe ɗaya ko darma ta ɓantare, to ko zoben ne, ko gidan harsashi ne ke tura shi a karkace. Don raba gardama ka riƙa sa harsashi ɗaya-ɗaya da hannu ka ga ko gungu zai canza. Zoben kuma ana jiƙa shi ne da ruwan wanke bindiga a bar shi ya yi laushi, a murza burushin tagulla a wurin kawai. Ba a ƙwaƙule shi da ƙarfe.

Sai leɓen bakin bututu, wurin da harsashi ke rabuwa da bindiga. In leɓen ya samu ɗan lotsawa ko tsaga a gefe ɗaya, iskar albarushi za ta riga fita ta nan ta ture gindin harsashi tun bai yi nisa ba. Abin da ke jawo shi a wurinmu sananne ne: dogara bindiga baki a ƙasa, ɗaure ta a babur baki na gugar ƙarfe, da zura waya ko sandar ƙarfe ta gaba don gogewa. Bayan ka yi harbi ashirin, ka cire sakata ka tabbatar ba komai a ciki, ka kalli bakin a hasken rana. Za ka ga tokar ta zana tauraro a kewayen ramin, kowane tsagi na cikin bututu ya bar layinsa. In layukan sun yi daidai da juna ko'ina, leɓen lafiya lau. In wani gefe ya fi baƙi ko ya fi tsawo, ka ɗauki ɗan auduga ka juya a bakin a hankali. Inda ya kama zare, nan ne ciwon. Wannan shi kaɗai ne cikin duk abin da na lissafa yake buƙatar mai gyara, kuma gyaran ɗan sassaƙe leɓe ne da bai kai kaurin farce biyu ba, ba rage tsawo ba. Daga yau kuma gogewa ta baya ake yi, a cire sakata a shigar da sanda daga mazaunin harsashi zuwa baki.

Iska kuma kada ka raina ta. Wadda ke kaɗawa ta gefe da gudun kilomita 16 a awa, irin wadda hunturu ke yi da hantsi ba wani abin a zo a gani ba, tana ture .22 kusan santimita 3 a mita 50, a mita 100 kuma ta haura 10. Bindigar da aka saita a mita 50 tana sauke harsashi santimita 13 zuwa 20 a mita 100, gwargwadon irinsa. Ina kyautata zaton ƙafar zabon nan nisa ne ya karya ta tare da sauran matsalolin. Daga ƙarshe ka ba wani wanda ka yarda da hannunsa ya harba biyar a kan buhunan nan. In nasa ya taru naka bai taru ba, sai ka duba yadda kake fizgar kunama da yadda kake ɗaga kai kafin harsashi ya fita. In ka gama, ka aiko mini da hoton takardun, kowace da rubutun abin da ka canza.

Tambaya: Malam, tawa wani lokaci in na ja kunama sai ta yi ƙas ba ta tashi ba, in na juya harsashin na sake sai ya tashi. Wani lokaci kuma ƙarar takan yi rauni, harbin ya faɗi ƙasa. Yarana kuma suna son su riƙa ɗana ta ba harsashi suna wasa da ita in na fito da ita gogewa.

Mai karatu daga Zariya

Amsa: Alhaji, maganar yaran zan fara ɗauka. Bindiga ba abin wasan yara ba ce ko babu harsashi, kulle ya kamace ta. In kana so su koya, ka zaunar da su ka koya musu da kanka, farawa da cewa ba a nuna bakinta ga mutum ko da wasa. Ɗanawa a ja kunama ba harsashi kuma yana cutar irin wannan bindiga musamman. Tunda allurar gefe take duka, in babu kwanso a ciki, a bindigogi da yawa ƙarfen bakin mazaunin take sara. A hankali wurin ya lotsa, ya tayar da ɗan tsini da ke kankarar kwanso, leɓen harsashi kuma ya rasa abin da zai jingina da shi lokacin duka. Ka haska wurin da tocila ka duba.

In wurin lafiya yake, ka dubi sawun allura a gindin kwansunan da ka harba. Ya kamata ya zama mai zurfi, iri ɗaya a kowanne. In wani ya yi zurfi wani ya yi sama-sama, allurar ba ta tafiya sakayau. Mafi yawan lokaci tsohon mai ne ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama danƙo a cikin sakata. A wanke cikinta a bar ta da ɗan shafi kaɗan. In bai gyaru ba, sifirin da ke tura allurar ya gaji, sai mai gyara. Duka mai rauni yana ba da wuta mai rauni, shi ya sa ramukanka ke jeruwa daga sama zuwa ƙasa.

Abu biyu kada ka yi sakaci da su. In ta yi ƙas ba ta tashi ba, ka bar baki na kallon tudu ka ƙirga talatin kafin ka buɗe, don wani yakan makara ya tashi. In kuma ƙara ta yi rauni ba ka ga rami a takarda ba, ka tsaya, ka cire sakata ka leƙa bututu ta baya. Kan harsashi yana iya maƙalewa a ciki, na bayansa in ya same shi zai kumbura bututun. Wannan kumburi za ka ji shi in kana tura ƙyalle, sanda ta zo wani wuri ta yi sakwaf ta wuce, kuma ba ya gyaruwa.

Tambaya: Ina zaune a Amurka, wani abokin aiki ya koya mini farautar kurege, na sayi Ruger 10/22. Matsalata harbin farko kullum yakan kauce da kamar inci guda, sauran su taru.

Mai karatu daga jihar Ohayo

Amsa: Sannu da sanyi, ɗan'uwa. Wannan bindiga da ta fito tun 1964 an san ta da haka. Harsashin farko da hannu kake shigar da shi, sauran bindigar ce ke shigar da su da ƙarfinta, zamansu a mazauni ba ɗaya ba ne. Ka ja sakata har ƙarshe ka sake ta ta rufe da kanta, kada ka raka ta da hannu. Ka tabbatar babu mai a bututu, ka duba zoben toka da na yi bayani a sama, domin shi ma yakan jefar da harbin farko. Ka duba notin da ya ɗaure ƙota, da biyun da suka riƙe bututu a jikin bindigar ta ƙasa, sannan ka gwada sassauta zoben ƙarfen da ya ɗaure bututu da katakon gaba in taka tana da shi. Sanyinku kuma yana daskarar da kaki ya rage wa harsashi gudu, don haka saitin da ka yi a watan Satumba ka sake duba shi a Disamba. In bayan duk wannan na farkon bai daina kaucewa ba amma kullum wuri ɗaya yake zuwa, ka riƙa harba guda ɗaya a takarda daban duk safiyar da ka je filin gwaji, kafin bindigar ta ɗumama, har su taru su yi gungu. Ka saita madubinka a kan wannan gungun, tunda shi ne harbin da kurege zai fara haɗuwa da shi.